Sandar Shinge da Ƙanzon Kantin

A garin Gaya, can bayan tashar motoci, akwai wata lakwal, wato makarantar boko, mai kilas shida da bishiyar mangwaro biyu a tsakar fili. Bana da aka koma karatu, yara suka tarar da sabon abu. An kafa rumfa kusa da famfo. An girke manyan tukwane uku a kan murhu. Kowace tukunya, yaro ɗan shekara bakwai zai iya ɓuya a ciki har ya ja murfi.

Direkta, shugaban lakwal, ya tara yara a gindin mangwaro, ya ce, "Bana muna da kantin. Kullum da rana a nan za a dafa muku abinci. Babu mai sake yin gyangyaɗi a kilas saboda yunwa."

Yara suka yi sowa, har tsuntsaye suka watse daga bishiya.

"Ku dakata, ban gama ba," in ji Direkta. "Shinkafa da wake da mai, an kawo. Iyayenku mata su ne masu girki, don Allah za su yi. Ganyen zogale yana can lambun bayan kilas, su suka shuka shi tun farkon damina. Saura itace. Kullum da safe kowa ya zo da guda ɗaya. Itace ɗaya, kwano ɗaya."

Sai Inna Balki ta fito daga rumfa da ludayi a hannu. Ita ce shugabar masu girki. Mace ce ƙatuwa mai fara'a, in ta yi magana a rumfa ana jin ta a tasha.

Ta ce, "Ni ma ga tawa dokar. Kar wanda ya kawo mini ɗanyen reshe ya cika mini ido da hayaƙi. Wanda itacensa ya fi na kowa kyau, ƙanzon ranar nasa ne."

Nan fa idon kowa ya buɗe. Ƙanzon babbar tukunya ba wasa ba ne. Ja ne, ya sha mai, in ka gatsa sai ka ji ƙurus. Wanda bai taɓa ci ba ya yi haƙuri, akwai sauran daɗi a gabansa.

Cikin masu haɗiyar yawu akwai Zuwera. Shekarunta tara, tana kilas na huɗu. Yarinya ce mai kai, ga fara'a, ga saurin gane lissafi. Amma gaskiya ɗaya ce: in ta zauna wasan ƴar carafke, ko ruwan sama aka fara ba ta tashi.

Da yamma Ummanta ta ce, "Ke Zuwera, ga su Mansura can za su tsinto itacen gobe. Tashi ki bi su."

"To, Umma. Yanzu."

Wannan "yanzu" tata ita ce har aka kira magariba.

Da gari ya waye, ta rataya sak ɗinta na littattafai ta fito. Ko ina ta duba, yara ne da itace a hannu. Wani ya saɓa nasa a kafaɗa kamar bindiga. Wata ta ɗora nata a ka. Ita kaɗai ce hannu rabbana.

Kunya ta kama ta. Ta bar babbar hanya, ta bi ƴar siririyar hanyar da ke bayan lakwal, inda ba kowa. Hanyar nan gefen lambu take bi.

Lambun yana da shinge. Baba Sallau ne ya yi shi da hannunsa. Shi ne mai gadin lakwal, shi ne kuma mai ban ruwa. Tsoho ne, haƙoransa huɗu suka rage, kuma duk yaron da ya gani "jikana" yake ce masa. Tun daga garinsu Tanda ya ɗauko sandunan ƙirya a amalanken jaki. Ya fiƙe gindin kowace, ya kafa, ya ɗaure da igiyar kaba.

Zuwera ta tsaya. Ta dubi sandunan. Busassu ƙayau, miƙaƙƙu, masu nauyi.

Ta ce a ranta, "Guda ɗaya ce. Shinge ba zai ma san an cire ba."

Ta duba gabas, ta duba yamma. Ta girgiza sanda ɗaya, ta zare ta. Ta goge ƙasar gindin a jikin ciyawa. Ta jawo wani busasshen ganye ta toshe gurbin. Ta ruga ƙofar lakwal.

Inna Balki tana tsaye tana karɓar itace, tana yi wa kowa tsiya.

"Kai, wannan itace ne ko tsinken sakace? Ke kuma, wannan ai jiya yake da rai!"

Da ta zo kan Zuwera sai ta tsaya. Ta ɗaga sandar, ta ƙwanƙwasa ta da ludayi.

"Kai! Ƙirya! Ku zo ku ga itace, ku masu kawo mini karan dawa. Wannan garwashinsa sai ya kai la'asar. Ƴar nan, ƙanzon yau naki ne."

Da rana aka jera kwanuka. Aka wanke hannu a famfo. Kowa ya sami shinkafa da wake, da kwaɗon zogale a gefe, wanda mutanen nan ke ce wa kopto. Zuwera kuwa aka ɗora mata faffaɗan ƙanzo a kan nata. Yara suka kewaye ta.

Mansura, ƙawarta, ta ce, "Ɗan san mini mana. Wai ina kika samo itacen nan? Mu mun sha yawo jiya ba mu ga irinsa ba."

Zuwera ta gutsura mata kaɗan, ta ce, "Ido ne ba ku da shi."

Ta yi niyyar daga ranar ba za ta ƙara ba. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Washegari ƙafarta da kanta ta bi hanyar bayan lakwal. Jibi ma haka. Kullum sanda ɗaya, kullum ganye a gurbi, kullum ƙanzo.

Har Baba Sallau ya raɗa mata suna. In ya hango ta sai ya cire malafa ya rusuna.

"Ranki ya daɗe, sarauniyar ƙanzo! Da ina da haƙora, da ni da ke mun kara."

Zuwera ta kan yi dariya. Amma dariyar ba ta kai ciki. Sai ta yi sauri ta wuce.

A mako na biyu malamin kilas ɗinsu, wanda suke kira Mushe Abdulaye, ya shigo da albishir.

"Ranar Asabar ranar iyaye ce. Kowa ya gayyato mutanen gidansu, su zo su ɗanɗana abincin kantin. Inna Balki za ta yi dambu da zogalen lambunmu. Ku ce su zo da tabarma, kujerunmu ba za su isa ba."

Zuwera ta koma gida da gudu. Babanta direba ne, yana jan mota tsakanin Gaya da Doso, ba kullum ake ganinsa da rana ba. Ta same shi yana wanke ƙafa.

"Baba, za ka zo? Dambu ne fa! Kuma da itacena ake dafawa. Inna Balki ta ce ba wanda ya kai ni."

Baban ya yi dariya, ya ce, "To, tunda ƴata ce mai wuta, ranar Asabar mota ta huta. Zan zo da cikina a wanke."

Ranar Laraba ba a karatun yamma. Aka ci abinci, aka watse. Baba Sallau ya ba lambu ruwa, ya rufe ƙofarsa, ya tafi masallaci sallar la'asar.

To, akwai wata akuya a unguwar, baƙa mai farin goshi, wadda ba abin da ke wuce ta. Ta zo tana kiwo a gefen shinge. Ta ga busasshen ganye, ta cinye. Da ta cinye sai ga ƙofa a buɗe, fili guda, inda sanduna takwas suka bar wurinsu. Ta leƙa. Ta ga zogale kore shar, daidai tsawon bakinta.

Akuya ba ta da rowa. Ta yi kuka ɗaya, danginta suka amsa daga ko ina.

Da safiyar Alhamis Zuwera ta biyo hanyarta kamar kullum. Tun daga nesa ta ga abin da ya tsayar da ita cak. Babu kore a lambu. Sai tsirarun karare a tsaitsaye, da kashin awaki ko ina. Ranar ba ta taɓa sanda ba. Ta shiga lakwal hannu wofi, ta raɓe a bayan yara.

Mata masu girki sun taru a bakin lambu. Kowa na magana, ba mai sauraron wani.

"Wata huɗu muna wahala!"

"Jibi fa ne! Me za mu ba mutane? Dambu tsirara?"

Wata mai suna Zuhura, mai zafin baki, ta juya kan Baba Sallau.

"Baba, a faɗi gaskiya, tsufa ya zo. Shinge ya ɓalle har haka ba ka gani ba? In aikin ya fi ƙarfinka a nemo mai jini a jika."

Baba Sallau bai yi fushi ba. Ya durƙusa yana shafa ƙasa.

Ya ce, "Ƴata, ga ramukan sanduna nan. Akuya tana cin ganye, amma ba ta zare sanda ta tafi da ita gida."

Hayaniya ta yi yawa, ba wanda ya ji shi. Direkta ya ce, "Ya isa. Ranar Asabar iyaye za su zauna, a duba maganar gadi. Yara, kowa kilas."

Mutum ɗaya ce ta ji maganar tsohon: Inna Balki. Ta koma rumfa shiru. Ashe ba duka sandunan Zuwera ta ƙona ba. Uku ta sa a wuta. Biyar ta ɓoye a bayan buhuna, don dambu yana son wuta mai ɗorewa. Ta jawo su, ta juya su. Kowace an fiƙe gindinta. Kowace da sawun igiya a wuyanta.

Ta riƙe haɓa, ta ce, "Oho. Balki, kin ga idonki."

A kilas kuwa Zuwera ta kasa komai. Mushe Abdulaye ya ce a rubuta bakwai sau shida a ardwaz, ɗan allon rubutu. Kowa ya ɗaga. Ita tata fara fat.

"Zuwera, lafiya? Ke da kike riga kowa?"

"Cikina ne, Mushe."

Ba ta yi ƙarya ba. 

Da rana aka raba shinkafa da wake, babu kopto. Inna Balki ta kankaro ƙanzo, ta ɗaga murya.

"Ƙanzon yau na Zuwera ne."

Yara suka ce, "Kai, Inna! Yau ko tsinke ba ta kawo ba!"

"Na sani. Tukunyarku ce ko tawa?"

Ta ɗora ƙanzon a kwanon Zuwera. Ta sunkuyo, ta yi magana a hankali, abin da ba ta saba ba.

"Ga Baba Sallau can shi kaɗai a bakin lambu. Je ki ci a kusa da shi, ki taya shi zama."

Zuwera ta tafi tana jan ƙafa. Ta tarar da tsohon zaune a kan bokiti, kwanonsa a rufe, bai taɓa ba. Da ya gan ta ya yi murmushi.

"A'a, sarauniya da kanta? Zauna, jikata. Ci abinki."

Ta gutsuri ƙanzo ta sa a baki. Ta tauna, ta tauna. Ya ƙi wucewa. Yau ɗanɗanonsa kamar gawayi.

Ta ce, "Baba, da gaske za su kore ka?"

"In sun ce in tafi, sai in koma Tanda wurin ɗana. Ba yunwa zan ji ba." Ya dubi kararen zogale. "Wannan ne kawai ke damuna. Tun suna kamar yatsa nake ba su ruwa. Kuma na saba da hayaniyarku. Can Tanda wa zai ce mini Baba mai haƙori huɗu?"

Nan Zuwera ta ajiye kwano. Hawaye suka ɓalle.

"Baba, ni ce. Ni na zare sandunan. Kullum ɗaya. Su nake kai wa Inna Balki."

Baba Sallau ya juyo. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Na san hannu ne ya yi. Ban dai san hannun wa ba. Ashe sarauniya daga shingena take cin sarauta."

"Ka yafe mini, Baba."

"Ni na yafe tun kafin ki rufe baki. Amma ba ni kaɗai kika yi wa ba. Akwai matan da suka shuka. Akwai yara ɗari biyu da suka ci shinkafa gaya yau. Za ki iya faɗa a gabansu?"

Zuwera ta share ido da gefen hijabinta. Ta ce, "Ka raka ni."

Ya tashi, ya kama hannunta. Suka nufi rumfa. Direkta da Mushe Abdulaye suna nan suna cin abinci, mata suna wanke tukwane. Zuwera ta tsaya a tsakiya. Ta faɗi komai, tun daga ƴar carafke har zuwa ganyen da take toshe gurbi da shi.



Zuhura ce ta fara motsi. Ta goge hannu a zane, ta je gaban Baba Sallau ta durƙusa.

"Baba, bakina ya riga hankalina. Ka yi haƙuri."

"Tashi, ƴata. Ai tsufan da kika faɗa ba ƙarya ba ne."

Inna Balki ta fito da sanduna biyar ta zube a ƙasa.

Ta ce, "Ni ma a sa ni a layi. Itacen da aka fiƙe wa gindi ba daga bishiya ya faɗo ba. Kwana takwas ina karɓa ina guɗa, ban taɓa cewa, ƴar nan, ina kika samo ba. Ita ƙanzo ya rufe mata ido, ni kuma wuta mai kyau."

Direkta ya ce, "Maganar gadi ta mutu. Baba Sallau yana nan daram. Ke kuma Zuwera, kin yi laifi babba, kin kuma yi abu mai wuya da kika faɗa. Wata guda babu ke babu gasar ƙanzo. Shinge kuma da hannunki za a gyara shi."

"To, Mushe Direkta."

Mushe Abdulaye ya ce, "Saura dambun jibi. Kuka ba ya tsirar da ganye, Zuwera. Kanki yana ja a lissafi. Me kika gani?"

Zuwera ta yi tunani. Can ta ce, "Mushe, akwai zogale ɗaya a gidanmu, bayan madafa. Amma ba zai isa ba."

Mansura ta yi tsalle daga cikin yara. "Mu ma muna da shi! Biyu ma!"

Mushe ya juya. "Wa ke da zogale a gidansu? Hannu sama."

Hannuwa suka tashi kamar gonar gero. Ai a Gaya da wuya ka shiga gida ba ka ga zogale ya leƙo ta kan katanga ba.

Inna Balki ta buga ludayi a murfi. "Shi ke nan! Gobe itace a dama, zogale a hagu. Amma a roƙi iyaye tukuna. Kar wani ya je ya yi mini irin ta Zuwera a gidan maƙwabta!"

Aka fashe da dariya. Har Zuwera ta ɗan murmusa cikin hawaye.

Mushe ya ce ita za ta bi kilas-kilas ta yi roƙon da bakinta. A kilas na farko da ta shiga, kamar ƙasa ta tsage ta shige. A na biyu ta ɗan ɗaga kai. Da ta kai wurin ƙananan yara ƴan sabon shiga, har muryarta ta dawo.

Wani ɗan mitsitsin yaro ya ɗaga hannu. "Yaya, to ƙanzon da daɗi?"

Zuwera ta ce, "Da daɗi a baki. A ciki ne babu daɗi."

Da ta koma gida ba ta jira labari ya riga ta ba. Ta faɗa wa Umma da Baba. Umma ta tafa hannu.

"Ni ina nan ina cika wa maƙwabta baki, wai ƴata ta fi kowa iya zaɓen itace! Ashe shingen mutane kike kwashewa. Da na ce ki bi su Mansura, me kika ce mini?"

"Na ce yanzu."

"To, ga yanzu nan. Ɗauki kwando."

Baban bai yi faɗa da yawa ba. Ya ce, "Na ji kunya, Zuwera. Amma da kin yi shiru an kori dattijo, da kunyar ta fi haka. Sanda nawa aka ƙona?"

"Uku."

"Gobe zan tsaya a hanya in saro uku. Ni zan kawo, ke za ki kafa."

Safiyar Juma'a, masu shayi a bakin tasha suka ga abin mamaki. Yara ne ke wucewa zuga-zuga, kowa da itace a hannu ɗaya, da damin ganye a ɗayan, kamar lambu ne ya tashi yake tafiya.

Wani direba ya leƙo ta tagar mota. "Kai yara! Lakwal ɗin taku ta awaki ce?"

Suka amsa, "Awaki sun riga sun ci nasu!"

Kafin a buga ƙararrawa, tabarma uku sun cika da zogale. Inna Balki ta riƙe ƙugu tana kallo. "Wannan ai ya fi na lambun yawa. Wa zai tsinke mini shi duka?" Matan unguwa suka ji labari, suka shigo da farantai. Aka zauna ana tsinka ana hira, wata da Hausa, wata da Zabarmanci, wata da Dandanci, dariya dai iri ɗaya.

Da aka tashi karatun yamma, Zuwera ta tafi lambu. Baba Sallau ya nuna mata yadda ake yi. A zuba ruwa a rami. A kafa sanda. A danna ƙasa da dunduniya. A ɗaure da kaba sau biyu. Babanta ya aiko da sanduna uku a bayan wani mai babur. Kafin ta gama ta takwas, tafin hannunta ya yi ja, ya ɗuri ruwa.

Ta ce, "Baba, zarewa ba ta da wuya haka."

"Haka ɓarna take, jikata. Ita da gudu take zuwa. Gyara kuwa da sanda yake tafiya, kamar ni."

Daga nan ta bi Mansura suka je tsintar itacen gobe. Ƙaya ta soke ta. Abin da ta samu wani karkataccen reshe ne mai ƙulu-ƙulu, ko kyan gani babu. Ta rungume shi har gida.

Asabar ta zo. Tun hantsi filin lakwal ya cika da tabarmi. Ga tsofaffi, ga masu goyo, ga direbobi da ƴan kasuwa da suka rufe rumfunansu. Ba wanda ya zo hannu wofi. Kakar wani yaro ta zo daga Tunuga da kwandon soyayyen kifi. Wani ya kawo damin rake. Wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono. Wata ta juye muruci a faranti.

Zuwera ta miƙa wa Inna Balki karkataccen reshenta, kanta a ƙasa.

Inna Balki ta juya shi, ta duba gindin. "Ina kika samo?"

"Bayan gari, Inna. Mansura ce shaida. Ga ma inda ƙaya ta soke ni."

"Mummuna ne kam, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma duk cikin itacen da kika taɓa kawo mini, yau ne kika kawo naki. Sa shi a wuta da hannunki."

Zuwera ta tura shi a ƙarƙashin madambaci. Ya kama, ya ci da kyau.

Da aka buɗe dambu, tururi ya tashi, ƙamshi ya kai har tasha. Ga zogale kore ya game shi, ga albasa, ga ƙuli-ƙuli, ga man gyaɗa yana ƙyalli. Aka yi bisimilla. Sai hira ta ɗauke, ba ka jin komai sai ƙarar kwanuka.

Baban Zuwera ya cinye kwano ɗaya, ya miƙa a ƙara. Ya cinye na biyu, ya sake miƙawa.

Umma ta zungure shi. "Malam, abincin yara ne fa."

Ya ce, "Direkta, babu gurbi a kilas na ɗaya? Ina so in koma lakwal."

Inna Balki ta amsa daga rumfa, "Akwai! Itace ɗaya, kwano ɗaya. Kai kuwa uku ka kawo, ci abinka!"

Fili ya kaure da dariya.

An dafa shinkafa tukunya guda saboda ƙananan yara. Da aka kankare ƙanzonta, Inna Balki ta ɗora shi a faranti, ta ratsa tsakiyar jama'a, ta ajiye a gaban Baba Sallau.

"Mako biyu ke nan ba a kawo itacen da ya kai naka ba, Baba. Mun ci bashin ƙanzonka kwana takwas. Ga shi."

Aka yi tafi. Baba Sallau ya dubi ƙanzo, ya dubi jama'a, ya buɗe baki ya nuna haƙoransa huɗu.

"Jama'a, wannan kyauta ce ko mugunta?"

Bafulatanar nan ta matso tana dariya, ta kwarara masa nono a kai don ya jiƙa. Kafin ya jiƙa, tsohon ya ɓalli gefen da bai sha nono ba. Ya rarraba wa ƙananan yara. Guntun ƙarshe ya miƙa wa Zuwera.

Zuwera ta noƙe. Ta dubi Inna Balki.

Inna Balki ta ce, "Gasa aka hana ki, ba kyauta ba. Mai abu ya ba ki. Karɓi da hannu biyu."

Ta karɓa. Ɗan guntu ne, bai kai tafin hannunta ba. Ta gatsa, ya ce ƙurus. Wannan karon ya wuce sumul, kuma duk ƙanzon da ta ci a baya babu wanda ya kai shi daɗi.

Bayan mako biyu Baba Sallau ya kira ta bakin lambu. Kararen nan da awaki suka gwaigwaye duk sun fito da sabon toho, kowane kai ya yi rassa uku.

Ya ce, "Kin gani? Aski kawai suka yi musu. Abin da saiwarsa ke da kyau, ko an ci kansa zai sake tohowa."

Baƙar akuya mai farin goshi tana tsaye a waje. Ta zaga shinge sau biyu, ba ta sami ko kafar shigar ɓera ba. Ta yi kuka, ta tafi.

To yara, kun ji. Kada ku raina ɗan abin da kuka ɗauka ba da izini ba. Sanda ɗaya ce, sanda ɗaya ce, da haka ake buɗe wa awaki ƙofa. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku kafin laifin ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba, sannan ku sa hannu a gyara. Karkataccen itacen da ka tsinto da guminka ya fi miƙaƙƙen da ka zare a shingen wani.